Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Warware Sautin Tsakiya da Gefe da Kanta

Mai ɗaukar sauti a gidan rediyon karkara na Tasawa ko Mayahi yana da masu sauraro iri biyu. Akwai manomi a Kanembakashe ko Korgom, da ƙaramar rediyonsa mai lasifika ɗaya. Akwai kuma ɗan garin da ke Maradi ko Kano, wanda shirin zai iske ta WhatsApp, ya saurara da abin kunne. Na farko muryar mai magana yake so ta fito tar. Na biyu kuwa yana so ya ji filin kokowa da faɗinsa, makaɗa ta nan, 'yan kallo ta can. Dabarar tsakiya da gefe tana biya wa kowa buƙata da ɗauka ɗaya, kuma aikin warware ta, wanda shi ke cin lokaci, ana iya ɗora wa kwamfuta.

Dabarar ta daɗe. Injiniyan Ingila Alan Blumlein ya bayyana tushenta a 1931, sannan Holger Lauridsen na gidan rediyon Danmak ya mayar da ita abin aiki a shekarun 1950. Makirufo biyu ake haɗawa wuri ɗaya, kai bisa kai. Na tsakiya yana fuskantar mai magana. Na gefe yana ji ta hagu da dama lokaci guda, amma kurma ne ga abin da ke gabansa kai tsaye. Abin da ya shigo masa ta hagu yana tafiya daidai da na tsakiya, abin da ya shigo ta dama kuma a kife yake. Daga nan lissafin ya fito: tsakiya a tara da gefe, an sami hagu, tsakiya a debe gefe, an sami dama. Idan rediyo mai lasifika ɗaya ta haɗe hagu da dama, gefen ya soke kansa, tsakiya kaɗai ta rage, tsaf kamar yadda aka ɗauke ta. Da wannan lissafin ne ma tashoshin FM ke watsa sitiriyo tun 1961.

Aikin daga fili yake farawa. Idan rakodarka irin Zoom H2n ce, ko H6 mai kan tsakiya da gefe, zaɓi ɗauka ɗanye, wadda aka rubuta wa RAW, domin tsakiya ta zauna a layi na farko, gefe a na biyu, ba tare da na'urar ta gauraya su ba. Ɗauki sautin a WAV, domin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin tun kafin ka taɓa shi. Makirufon gefe ba ya jure iska ko kaɗan, don haka a lokacin hunturu kada ka fita ba tare da rigar gashin nan ta makirufo ba. Kafin a fara hira, tsaya ta hagun na'urar ka tafa sau ɗaya, ka ce "hagu". Wannan tafin zai yi maka amfani nan gaba.

Yana da kyau ka warware fayil ɗaya da hannu, ko da sau ɗaya ne, don ka san abin da za ka umurci kwamfuta ta yi. Buɗe shi a Audacity, manhajar kyauta da ke aiki ko babu intanet. Raba layukan biyu, kowanne ya tsaya da kansa. Bar tsakiya a tsakiya. Kwafi gefe ya zama biyu, ka karkata ɗaya hagu gaba ɗaya, ɗayan kuma dama, sannan ka kife na daman da umarnin Invert. Saurara da abin kunne kana ɗaga ƙarfin gefe kana saukewa, za ka ji filin yana buɗewa yana tsukewa. Fayil ɗaya ba wahala. Amma wanda ya dawo daga zagayen ƙauyukan Gulbin Kaba da tarin hirarraki, ga wuta ba tabbas, ga lokacin labarai ya ƙarato, ba zai iya maimaita wannan a kan kowanne ba, kuma cikin gaggawa ne ake mantawa da kifewar.

Mafita ita ce a rubuta lissafin sau ɗaya. Audacity na 3 yana fahimtar wani ƙaramin harshen umarni mai suna Nyquist. Buɗe Notepad ka rubuta waɗannan layuka yadda suke:

;nyquist plug-in
;version 4
;type process
;name "Tsakiya da Gefe"
(let ((tsakiya (aref *track* 0))
(gefe (mult 0.7 (aref *track* 1))))
(vector (mult 0.5 (sum tsakiya gefe))
(mult 0.5 (diff tsakiya gefe))))

Layuka huɗun farko suna gabatar da aikin ga manhajar ne, da sunan da zai fito da shi. Sauran suna cewa: ɗauki layin farko a matsayin tsakiya, na biyu a matsayin gefe, ka tara su ka ba hagu, ka debe ka ba dama. Lambar 0.5 tana rage ƙarfi da rabi, wato desibel 6, don kada sautin ya fashe bayan an tara biyu. Adana rubutun da suna mai ƙarewa da .ny, sannan ka shigar da shi ta Nyquist Plugin Installer da ke ƙarƙashin Tools, ko Outils idan manhajarka da Faransanci take. Daga nan zai bayyana cikin jerin gyare-gyaren sauti.

Lambar 0.7 ita ce faɗin fili, kuma a nan gwanintarka take. Hira da malamin gona ko ungozoma ba ta buƙatar faɗi, 0.3 ko 0.4 ya isa a ji ana cikin gari ba tare da hayaniya ta danne magana ba. Kiɗan kalangu, hawan sallah a Tasawa ko filin kokowa suna ɗaukar 0.7 har zuwa 1. Kada ka wuce nan. Idan gefe ya rinjayi tsakiya, mai abin kunne zai ji kamar an huda tsakiyar sautin, mai ƙaramar rediyo kuma ya rasa mafi yawan abin da ka yi wahalar ɗauka. Ka yi kwafi biyu na rubutun, ɗaya na hira, ɗaya na taro, kowanne da sunansa da lambarsa.

Saura jera ayyukan. Shiga Macro Manager a ƙarƙashin Tools, ka buɗe sabon jeri, ka sa masa matakai huɗu bi da bi: zaɓen sautin duka, sai "Tsakiya da Gefe" na hira ko na taro, sai Normalize a kan desibel 1 ƙasa da ƙololuwa, sai fitar da fayil a WAV ko MP3. A matakin Normalize, tabbatar ba a kunna zaɓin daidaita hagu da dama daban-daban ba, domin hakan zai karkatar da filin. Idan iska ta yi maka kutse, ƙara matakin yanke ƙananan sautuka da ke ƙasa da 80 Hz kafin na ukun. Da ka gama, danna Files, ka zaɓi dukkan fayilolin ranar. Manhajar za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta zuba sakamakon a jakar macro-output, ta bar na asali yadda suke. Masu aiki da manhajar Reaper suna da irin wannan a shirye, wato JS Mid/Side Decoder, haka ma MSED na kamfanin Voxengo, wanda kyauta ne.

Kwamfuta ba ta da kunne, don haka gwaji uku sun rage a wuyanka. Na farko, nemi tafin nan: idan ya fito ta dama, makirufon gefe a juye yake, sai ka musanya sum da diff a rubutun. Na biyu, haɗe hagu da dama su zama ɗaya ka saurara. Murya ta tsaya da ƙarfinta, in ta dushe to akwai kuskure. Na uku, kula da fayil ɗin da rakoda ta riga ta warware da kanta. Idan ka sake bi da shi ta wannan jeri, lissafin zai koma baya, murya ta tattare a kunnen hagu. Hanyar kauce wa wannan ita ce ware jaka ta musamman ga ɗanyun fayiloli tun daga katin rakoda.

Ɗanyun nan kada ka goge su. Muryar dattijon da ya ba da tarihin sarautar Tasawa, ko ta makaɗin da ba lallai a sake samun sa ba, in tana ajiye a tsakiya da gefe, duk wanda ya gaji kujerarka zai iya sake buɗe filin ko ya tsuke shi gwargwadon buƙatar zamaninsa. Rubuta sunan gari da ranar ɗauka a kan kowane fayil, ka ajiye kwafi a wuri na biyu, sannan ka koya wa abokin aikinka jerin nan, don kada aikin ya tsaya ranar da ba ka nan.