Turken Babban Gogen Turawa: Tasirinsa ga Amo da Daidaiton Tsofaffin Goguna

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kayan kiɗan Turawa waɗanda ake gogawa da izga, babu wanda ya kai kwantirabas girma da kaurin murya. Tsawonsa yakan kai santimita 180, saboda haka ba ya riƙuwa a hannu yadda ake riƙe goge ko kukuma a ƙasar Hausa. A ƙasa ake kafa shi, bisa wani ɗan sanda na ƙarfe ko na itace da ke fitowa daga gindinsa, wanda za a kira turke a wannan maƙala. Manufar maƙalar ita ce ta nuna yadda wurin da aka kafa turken yake shafar riƙon gogen da amonsa, da kuma dalilin da ya sa sauya masa wuri yake da haɗari ga tsofaffin goguna.

2.0 Aikin Turke

A cikin gindin kwantirabas akwai wani guntun itace mai kauri wanda aka manne fuskar gogen da bayansa da gefunansa a jikinsa. A tsakiyar guntun ne ake huda rami mai faɗin baki da tsukakken ciki, a cusa mazaunin turke. Tsirkiyoyin nan huɗu sukan taso daga wuyan gogen, su haye jaki, su ƙare a jikin wani ɗan allo, shi kuwa allon da waya ake ɗaure shi a wuyan mazaunin turken. Ke nan guntun yana ɗauke da kaya biyu: nauyin gogen, da kuma jan tsirkiyoyi, wanda a tsirkiyoyin ƙarfe na zamani ya haura kilo 100.

3.0 Turke da Daidaito

Turken da aka gada miƙaƙƙe ne, watau yana bin tsawon gogen sak. Muddin gogen na tsaye ƙyam, nauyinsa na sauka ne a kan tsinin turken. To, amma makaɗi yakan jingino shi zuwa jikinsa domin hannunsa ya kai ga ƙananan muryoyin da ke kusa da jaki. Da zarar an jingino shi, sai nauyin ya bar kan tsinin ya koma kan makaɗin, musamman babban yatsansa na hagu, alhali hannun nan shi ne ya kamata ya sami 'yancin kai da kawowa a kan tsirkiya.

Makaɗin da ya yi fice wajen magance wannan matsala shi ne François Rabbath, haifaffen Halab ta ƙasar Sham a 1931, wanda ya yi zamansa a Faris. Shi ya yayata turke mai karkata baya, sa'an nan wani masassaƙin goge Bafaranshe, Christian Laborie, ya shahara da huda rami na biyu a guntun gindi, mai karkatar kimanin digiri 44. Hikimar ita ce tsinin turken ya koma ƙarƙashin cibiyar nauyin gogen a lokacin da aka jingino shi, ta yadda ƙasa za ta karɓi kayan da hannu ke ɗauka a da.

4.0 Turke da Amo

Turke ba ya fid da amo da kansa, amma yana shafarsa ta hanya uku. Ta farko ita ce daɓe. Mafi kaurin muryar kwantirabas mai tsirkiya huɗu girgiza 41 ce a daƙiƙa, alhali iskar da ke cikin gangar jikinsa sai wajen girgiza 60 take amsawa sosai. Saboda haka gogen ba shi da ƙarfin watsa mafiya kaurin muryoyinsa shi kaɗai. Turke kan kai wani kaso na girgizar zuwa ƙasa. Idan dandamalin na katako ne mai rami a ƙarƙashi yakan taya gogen amsawa, idan kuwa na siminti ne ba ya motsawa. Tsawon turken da karkatarsa da abin da aka ƙera shi da shi duk suna sauya yadda girgizar ke shiga daɓen.

Ta biyu ita ce jikin makaɗi. Duk inda ciki ko gwiwa ta danne bayan gogen, to, ta rage masa rawa. Gogen da ya daidaita bisa turkensa kuwa ba ya bukatar runguma. Ta uku ita ce alƙibla, domin karkataccen turke yakan sa fuskar gogen ta ɗan dubi sama. Sai dai a lura, abin da makaɗi ke ji kusa da kunnensa dabam yake da abin da ke isa ƙarshen zaure, don haka ba a yanke hukunci kan amo da kunnensa shi kaɗai.

5.0 Matsalar Tsofaffin Goguna

Wasu gogunan da ake ji da su sun haura shekara 300. Domenico Dragonetti (1763–1846) ya yi kiɗa da wanda ake jingina ƙirarsa ga Gasparo da Salò na Biresha a Italiya, wanda ya rasu a 1609. Giovanni Bottesini (1821–1889) kuwa nasa ƙirar Testore ne ta 1716, mai tsirkiya uku. Irin waɗannan an ƙera su ne domin tsirkiyar hanjin dabba, wadda janta bai kai na ƙarfe ba. Ke nan tun kafin a taɓa turkensu, guntayen gindinsu na ɗauke da abin da ya fi wanda aka nufe su da shi, ga bushewar itace, ga kuma ɓarnar ƙwari a wasunsu.

Rami na biyu kusa da na farko yana rage ƙwarin guntun, kuma itacen da aka huda ba ya komawa yadda yake. Lanƙwasasshen sandan ƙarfe da wasu ke sawa a ramin asali bai bukatar huji, amma yana murɗa mazaunin, har ya iya tsaga tsohon itace. Idan guntun ya tsage, manne yakan buɗe, gogen ya shiga zuza, gyara kuwa sau da yawa sai an ɓamɓare fuskarsa ɗungum. Shi ya sa magyara kan fara bincika ko guntun na asali ne ko musanye, domin an sake wa tsofaffin goguna da dama guntu a gyare-gyaren baya. Huda musanye asara ce mai sauƙi, huda na asali kuwa ɓata shaidar aikin masassaƙi ne.

6.0 Kammalawa

An ga cewa wurin turke yana da tasiri tabbatacce ga daidaito, yana kuma da tasiri ga amo gwargwadon daɓe da riƙo. A sabon goge, lafiyar hannun makaɗi ta isa hujjar huda rami. A tsoho kuwa, makaɗi mai riƙon amana ne na 'yan shekaru, gogen zai wuce ga wani bayansa. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara gwada sauyin da za a iya warwarewa, kamar tsawon turke, da tsayuwar makaɗi, da irin daɓen da ake kafawa, kada garin neman gira a rasa ido.