Amsoshin Tambayoyinku: Yarda da Kai da Burin Ɗalibi

Wata mai sauraro daga Zariya ta nemi sanin ko yarda da kai tana tasiri a kan aikin da ɗalibin jami'a yake burin yi.

A 1977 masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura, na Jami'ar Stanford a Amurka, ya bayyana cewa yarda da iyawa, wato amincewar mutum cewa zai iya wani aiki takamaimai, ita ke sa ya tunkari aikin, ya kuma jure idan ya ci karo da cikas. A 1981 masu bincike Nancy Betz da Gail Hackett suka gano cewa ɗalibai mata kan raina iyawarsu a fannonin da maza suka mamaye, kamar injiniyanci, duk da cewa makinsu bai gaza na maza ba.

Babban tushen wannan yarda shi ne nasarar da mutum ya samu da hannunsa, domin ɗalibar da ta haɗa wayoyi a lokacin shirin SIWES na koyon aiki, ta ga fitila ta kama, takan fi wadda aka yi wa yabon baki kawai ƙarfin gwiwar neman aikin lantarki.