Gargaɗi Ga Mai Riƙon Jama'a A Kan Ciwon Ujubu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Ya mai riƙon jama'a tsaya ka ji,
Ba kowane tabbaci ne sani ba.

Wanda ya haye kogi sau goma lafiya,
Bai san zurfin na sha ɗaya ba.

Ya ce jirginsa ba ya nutsewa,
Sai bai tanadi abin tsira ba.

Riƙe mai faɗa maka abin da ka ƙi,
Mai yabonka bai tsare ka ba.

SHARHI

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya yi maka rahama, ujubu shi ne mutum ya ɗauki saninsa da iyawarsa fiye da yadda suke. Wannan ciwo bai bar kowa ba. A 1981 wani masani mai suna Ola Svenson ya tambayi ɗalibai a Amurka game da tuƙin mota, sai 93 cikin 100 suka sa kansu cikin rabin da ya fi gwaninta, alhali rabi ba ya wuce 50. In talaka ya kamu da shi, kansa ya cuta. In shugaba ne, jama'a ke biya.

Baiti na biyu yana nuni da cewa nasara ce ke ciyar da ujubu. A yaƙin Hunaini, shekara ta 8 bayan hijira, jim kaɗan bayan buɗe Makka, Musulmi sun fita su 12,000. Yawan ya burge wasu daga cikinsu, sai Hawazin suka yi musu kwanton ɓauna a kwari, sahu ya watse, kafin Allah ya mayar da nasara ta hannun waɗanda suka dake tare da Manzo (SAW). Suratut Tauba ta ambaci wannan rana.

Baiti na uku misali ne daga mutanen teku. Jirgin ruwa Titanic ya tashi daga Ingila zuwa Amurka ranar 10 ga Afrilu 1912 da mutum fiye da 2,200. Kwale-kwalen ceto 20 ne kawai, masu ɗaukar mutum 1,178. An yi ta aiko musu da gargaɗi ta wayar iska cewa akwai duwatsun ƙanƙara a gaba, amma kyaftin Edward Smith, wanda ya daɗe ƙwarai a aikin teku, bai rage gudu ba. Daren 14 ga wata suka yi karo, kafin wayewar gari fiye da mutum 1,500 sun halaka. Dubi yadda daɗewa a sana'a ta zama hijabi.

FA'IDA

Maganin abu uku ne. Na farko, kafin ka yanke hukunci ka ƙaddara al'amarin ya riga ya lalace, ka tambayi mutanenka me ya lalata shi. Na biyu, ka rubuta hasashenka da kwanan wata, ka koma ka auna shi da abin da ya auku. Na uku, ka ware dukiya da lokaci domin ranar da lissafi ya ƙi, domin tanadi ba ya warware tawakkali. Wanda fadawansa duk suke ce masa "haka ne, ranka ya daɗe", to shi kaɗai yake tafiya.

Allah ya nuna mana aibin kanmu. Wallahu a'alamu.