Yadda Sabon Mai Digiri Zai Shiga Aikin Ba Kamfanoni Shawara

Aikin ba da shawara shi ne kamfani ko ma'aikata ta ɗauki wani daga waje, ta biya shi ya binciko matsalarta ya kawo mafita. Wahalar sabon mai digiri ita ce babu mai son biyan kuɗi don shawarar wanda bai taɓa aiki ba. Saboda haka duk shirinsa ya tafi kan tara abin da zai nuna.

Mataki na farko shi ne zaɓen fanni. A Najeriya, manyan kamfanoni irin su KPMG, PwC, Deloitte da EY suna da ofisoshi a Legas da Abuja, suna ɗaukar sababbin masu digiri su horar da su kan binciken asusu, haraji da tsarin gudanarwa. Galibi suna neman sakamakon 2:1 ko sama da haka, da shaidar kammala bautar ƙasa, wasu kuma suna ƙayyade shekaru. Don haka tun ana cikin bautar ƙasa ake fara shirin nema. Wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba ya dubi ayyukan raya ƙasa da ƙungiyoyin agaji ke yi a Kano, Kaduna ko Borno, inda jin Hausa da sanin jama'a ke zama jari.

Na biyu, ya ƙware a Excel da PowerPoint, kuma ya iya rubuta rahoto gajere. Mai son harkar kuɗi ya fara jarrabawar akantoci ta ICAN ko ACCA.

Na uku shi ne tara shaidar aiki, kuma nan ne da yawa ke sakaci. Ya nemi wata ƙaramar sana'a, gidan burodi ko makarantar unguwa, ya tsara musu lissafin shige da ficen kuɗi, ya gano inda kuɗi ke yoyo, ya rubuta abin da ya samu. Ko ya shiga aikin tattara bayanai a ƙauyuka da manhajar KoboToolbox. Layi ɗaya a CV mai cewa ya rage wa wani shago asara ya fi dogon jerin kwasa-kwasai nauyi.

Na huɗu shi ne shirin intabiyu. Bayan jarrabawar lissafi da fahimtar rubutu, akan ba mutum matsala ya warware ta a gaban masu intabiyun. Misali, a ce ribar wani kamfanin taliya ta faɗi. Ba a son ya yi gaggawar ba da amsa. Ya fara da tambaya: ciniki ne ya ragu, ko kuɗin da ake kashewa ne ya ƙaru? In ciniki ne, farashi aka sauke ko masu saye suka janye? In kashewa ce, alkama ce ta yi tsada ko gas ɗin janareta? Tsarin tunaninsa suke aunawa, shi ya sa ya kamata ya riƙa gwaji da aboki da babbar murya.

Na biyar, ya nemi tsofaffin ɗaliban jami'arsa da ke cikin harkar, ta LinkedIn ko ta hannun malamai, ya yi musu takamaimiyar tambaya maimakon roƙon aiki.

Wanda ya zaɓi cin gashin kansa ya yi wa sunan sana'arsa rajista da hukumar CAC, ya samu lambar haraji, kuma kada ya fara aiki sai an rubuta abin da zai yi, ranar miƙawa da kuɗin da za a biya shi.