Darasin Wannan Wata: Gyaran Ɗakin Ajiya Kafin Kaka

Kusan kowane gida a karkara yana da ɗaki ɗaya da ake tara kaya. A nan ake jefa tsofaffin buhuna, da fasassun tukwane, da tsummokara, da karyayyar fartanya, da gwangwanayen da babu komai a ciki. Kowa sai ya ce wata rana za su yi amfani. Shekara ta zo ta wuce, shirgi yana ƙaruwa, har ƙofa ta ƙi buɗuwa sosai. Idan kaka ta yi, a kan wannan tarkacen ake jibge sabon hatsi. Daga nan asara take farawa.

Illar Tara Shirgi

Ta farko ita ce ƙwaro. Tsohon buhu ba ya rasa ragowar tsaba a cikin ɗinkinsa, kuma a nan ƙwaro yake ɓuya da ƙwansa. Ƙwaron wake yana girma daga ƙwai cikin kamar wata ɗaya, shi ma ya saka nasa. Manomi ya kawo wake mai kyau, kafin bazara duk ya huhhuje.

Ta biyu ita ce ɓera. Ɓera yana son duhu da tsumma don yin sheƙa. Macen tana ɗaukar ciki na kamar mako uku kawai, kuma tana haihuwa sau da yawa a shekara. Ban da cin hatsi, akwai irin ɓeran da yake ɗauke da zazzaɓin Lassa. An fara gano wannan cuta a shekarar 1969 a garin Lassa, wanda yake cikin Jihar Borno. Mutum yana kamuwa idan fitsari ko kashin ɓera ya taɓa abincinsa ko kwanonsa. Cutar ta fi yawa da rani, kuma tana kisa idan ba a je asibiti da wuri ba.

Ta uku ita ce maciji da kunama. Inda ɓera ya yi yawa, maciji yana biyo shi. Yaro ne ake aika ya ɗauko abu, ya sa hannu a cikin duhu.

Ta huɗu ita ce gobara. Da hunturu komai ya bushe. Tsumma da kara da galan na fetur a wuri ɗaya, tartsatsi kaɗan ya ishe su.

Shiri Kafin Ranar Aiki

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida ya tara iyalinsa, a sa rana tun kafin a fara girbi. A zaɓi ranar da babu hadari. Uwargida da amarya da manyan yara duk su kasance a wurin, domin kowa ya san nasa. Kada a zubar da kayan wani a bayan idonsa, wannan yana kawo rigima a gida. Idan akwai kayan mamaci da ba a raba ba, a ware su gefe har magada su zauna.

Masu shiga ɗakin su sa takalmi, su rufe hanci da baki da ƙyalle. A buɗe ƙofa da taga, haske da iska su shiga. A riƙa taɓa kaya da sanda kafin a sa hannu. Ƙananan yara da mata masu ciki su tsaya a waje.

Kashi Huɗu

A fito da komai tsakar gida, kada a bar ko da tsinke. Sa'an nan a kasa kayan kashi huɗu.

Kashi na ɗaya: abin da ake amfani da shi. Wannan ya haɗa da galma, da lauje, da buhuna masu kyau, da tukwanen biki. Waɗannan su ne za su koma ɗaki.

Kashi na biyu: abin da zai gyaru. Fartanyar da ƙotarta ta karye a kai wa maƙeri. Kwanon da ya huje a kai wa mai liƙi. A sa lokaci, misali kasuwa biyu. Abin da ba a gyara ba a cikin wannan lokaci, ya koma kashi na uku.

Kashi na uku: abin sayarwa ko bayarwa. 'Yan gwangwan suna sayen tsohon ƙarfe da roba. Tufafin da suka yi wa yara kaɗan a wanke su, a ba mabukata.

Kashi na huɗu: abin zubarwa. Tsumman da ya ruɓe da tabarmar da gara ta ci, a ƙone su nesa da gidaje, a lokacin da babu iska. Hatsin da ya yi fumfuna kada a ci, kada kuma a ba dabbobi, domin yana ɗauke da dafi mai lalata hanta. Tsohuwar taya da fasasshen tulu kada a bar su suna tara ruwa, a nan sauro yake hayayyafa.

Ga wata tambaya mai taimako idan an yi gardama a kan wani abu: an taɓa shi tun daminar bara? Idan ba a taɓa ba, da wuya a neme shi baɗi.

Abubuwa Uku Masu Son Kulawa

Gwangwanin maganin ƙwari guba ne, ko an wanke shi. Kada a zuba ruwa ko mai ko nono a ciki. A huda shi don kada wani ya ɗauka, a tambayi malamin gona yadda za a rabu da shi.

Magungunan asibiti da suka daɗe a duba kwanan watan da yake jikinsu. Wanda ya wuce lokaci a mayar wa ma'aikacin lafiya.

Takardu kuwa dukiya ce. Takardar gona, da ta haihuwa, da katin rigakafin yara, a sa su a leda, a ajiye a akwatin ƙarfe. Wanda ya koyi karatu a gidan shi zai duba su kafin a ƙone ko da ɗaya.

Mayar Da Kaya

Kafin shara a yayyafa ruwa, don kada ƙurar kashin ɓera ta tashi. A share bango da rufi da ƙasa. A toshe ramuka, a yaɓe tsaga, a gyara inda yake yoyo. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu. Rumbu ma haka za a yi masa.

Tsofaffin buhuna a juye cikinsu, a kakkaɓe, a tsoma su a tafasasshen ruwa, su bushe a rana. Hatsi ya bushe sarai kafin a ɗure. A jera buhuna a kan katako, a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsu da bango. Kada a haɗa sabon hatsi da tsoho, a fara cin tsohon. Taki da fetur da maganin feshi su sami nasu wurin dabam, mai kulle.

Tun shekarar 2007 aka fara yaɗa buhun PICS. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. Idan an ɗaure kowanne da kyau, iska ba ta shiga, ƙwaro sai ya mutu ba tare da an sa magani ba. Amma ɓera yana iya huda shi, don haka sai ɗaki ya zama fes zai yi aikinsa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yini ɗaya na aiki yana iya tsare abincin shekara.

Tambayoyi

1. A faɗi illoli huɗu na tara shirgi.
2. A wace shekara aka gano zazzaɓin Lassa?
3. Don me ake yayyafa ruwa kafin shara?
4. Kowane ɗalibi ya rubuta sunayen kaya biyar da suke ɗakin ajiyar gidansu, ya nuna kashin da kowanne ya faɗa.