An Hori Ɗanka a Lakwal: Me Za Ka Yi?

Ɗan'uwa mai karatu, a ce kana zaune a ƙofar gidanka a wani ƙauyen Kwaya, sai ga ɗanka ya komo daga lakwal yana kuka. Ya ce mushe ya buge shi, ya kuma sa shi durƙuso cikin rana. Uwarsa ta ga shatar bulala a ƙafarsa, ranta ya ɓaci. Kai ma zuciya ta taso maka. Ka lura, abin da za ka yi a wannan yini yana iya gyara yaron, yana kuma iya raba shi da karatu har abada.

1. Hanyoyi biyu na kuskure

Wani uba yakan tashi nan take, ya je ya zagi malam a gaban 'yan aji, ya ce ɗansa ya bar lakwal ke nan. Gobe yaro yana bayan awaki. In ya yi wayo ya ƙetare iyaka zuwa Kano neman kuɗi, ko sunansa bai iya rubutawa ba. In yarinya ce, sai a fara zancen aure. Uba ya huce, amma wa ya yi hasara? Ka tuna da Eli firist, wanda bai tsawata wa 'ya'yansa yadda ya kamata ba, gidansa ya lalace. Hausawa suka ce, ka so naka duniya ta ƙi shi.

Wani uban kuwa ko tambaya ba ya yi. Sai ya ce, "Ai da laifinka," ya ƙara masa da nasa dukan. Yaron nan ya koyi cewa ba shi da wurin kai kuka. Ran da babban abu ya same shi, zai ɓoye maka.

2. Abin da hukuma ta ce

Dattawan da suka yi lakwal a dā suna tunawa da "sambol", abin da akan rataya wa yaron da ya yi Hausa a aji, a hore shi. Wannan zamani ya wuce. Tun 1981 Ma'aikatar Ilimi ta Nijar ta aika wa makarantu takarda tana hana dukan yara. A 1990 kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare haƙƙin yara. Saboda haka malam yana da ikon tsawatarwa, da ƙara wa yaro aikin rubutu, da kiran iyaye. Amma duka, balle wanda ya fasa jiki ko ya taɓa ido ko kunne, ba a ba shi wannan izini ba.

3. Ka dubi kayan da malam yake ɗauke da shi

Ana buɗe lakwal a watan Oktoba, daidai lokacin kaka. Yara suna gona wajen gero da wake da gyaɗa, 'yan mata suna rijiya. Su zo a makare, wasu su yi mako ba a gan su ba. Malamai da yawa 'yan kwantiragi ne, baƙi, nesa da iyalinsu, suna koyar da yara masu yawa cikin rumfar kara. Wannan bai halatta duka ba. Amma ka tambayi kanka, wa ya aiki yaron har ya makara? Sau da yawa laifin da aka hori yaro a kansa, daga gida ya taso.

4. Matakan da za ka bi

Na ɗaya, ka bar zuciyarka ta kwanta. Ka zaunar da yaron, ka ji ta bakinsa a hankali, ka duba jikinsa. In akwai rauni, ka kai shi likita a ranar, ka roƙi takardar shaida.

Na biyu, ka je wurin malam kai kaɗai, bayan an tashi. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Malam, na zo in ji abin da ya faru." Kada ka kushe shi a gaban ɗanka. In yaron ne da laifi, ka sa shi ya ba da haƙuri, ka kuma roƙi malam nan gaba ya aiko maka, ka hore shi da kanka.

Na uku, in ba ku daidaita ba, ka tafi wurin darekta tare da dattijo ɗaya ko biyu.

Na huɗu, akwai kwamitin lakwal, wanda aka sani da COGES, yanzu ana kiransa CGDES. A cikinsa akwai wakilan iyaye maza da mata, da darekta, da malam. Domin irin wannan zama ma aka kafa shi. In abin ya fi ƙarfinsa, sai a kai wa sufeton makarantu. In kuwa rauni ne mai tsanani, ko an nemi yarinya da lalata, wannan ya wuce zancen horo. A sanar da mai gari, a kai wa jandarma, kada kunya ta sa a rufe.

Duk lokacin da ake wannan magana, yaron ya ci gaba da zuwa lakwal, sai dai in zuwan yana da hatsari a gare shi. Kada kuma ka jira sai ran faɗa kafin malam ya san fuskarka. Ka riƙa leƙawa, ka halarci taron iyaye. Maƙwabta suna kallon yadda gidanka yake neman gaskiya ba tare da zagi ba. Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu.

Tambayoyi domin iyali

1. Mene ne bambancin horo da zalunci?
2. Wane aikin gida ne yake sa yaranmu makara? Yaya za mu sake shirinsa?
3. Su wane ne wakilan iyaye a kwamitin lakwal ɗin garinmu?
4. Yaranmu suna iya faɗa mana abin da ya same su ba tare da tsoro ba?