Darasin Ilimin Ma'adinai: Kwallinmu Ismid Ne Ko Dalma?

  Ya 'yan'uwa matasa, darasinmu na wannan fitowa a kan wani dutse ne wanda da wuya a rasa shi a ɗakin iyayenmu mata a zango, wato kwalli, wanda wasu ke kira tozali.

Mun karanta a hadisin Abdullahi ɗan Abbas, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya yabi wani nau'in kwalli mai suna ismid. Saboda haka ne alhazai da 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai, waɗanda ke sauka a Deira da unguwar Hor Al Anz, sukan dawo mana da shi tsaraba, wani a 'yar kwalba, wani dunƙulen dutse mai ƙyalli, an rubuta "ismid" da Larabci a jikin kwalin. Tambayar ita ce: abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta?

Akwai duwatsu biyu da suka yi kama da juna kamar Hasan da Husaini. Na farko shi ne wanda ƙamusoshin Larabci na zamani ke fassara ismid da shi. Masana ma'adinai suna kiransa sitibnayit, kuma haɗi ne na ƙibiritu da wani ƙarfe mai suna antimoni. Na biyu sunansa galina, shi kuma haɗin ƙibiritu ne da dalma, har dalmar ta kai kusan kashi 86 cikin 100 na nauyinsa. Shi ne ake haƙowa a wajajen Abakaliki da Zurak a Nijeriya. Dukkansu launin toka ne mai duhu, dukkansu suna ƙyalli, dukkansu suna da taushin daka.

Ibnul Ƙayyim ya siffanta ismid a cikin Zadul Ma'ad da cewa baƙin dutse ne da ake kawowa daga Isfahan da kuma Magrib, mafi kyawunsa shi ne mai saurin farfashewa, wanda ɓarɓashinsa ke ƙyalli. To ɗalibi ya lura: wannan siffa ta dace da duwatsun nan biyu baki ɗaya. Ashe launi da ƙyalli ba su isa shaida ba, sai an ƙara da wasu alamomi.

Alama ta farko ita ce yadda dutsen ke fashewa. Idan aka ƙwanƙwasa galina, yakan rabu zuwa ƙananan gutsattsari masu kusurwa huɗu daidai, kamar ƙwayar Maggi, kuma gefensa ya fito hawa-hawa kamar matakala. Shi kuwa sitibnayit yana tsirowa ne dogo-dogo kamar allurai ko takubba da aka ɗaure wuri guda, da zane-zane a tsayinsa, kuma ta fuska ɗaya yake tsagewa, ya ba da faifai mai santsi.

Ta biyu taushi. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, sitibnayit yana mataki na 2, don haka farce yakan karce shi. Galina yana biyu da rabi, daidai da farcen. Bambancin kaɗan ne, kada a dogara da shi shi kaɗai.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi, wato nauyi, kuma a nan ne za mu ɗan tsaya. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973 Miladiyya, marubucin Kitabul Jamahir fi Ma'rifatil Jawahir, yakan auna dutse a sikeli, sannan ya nutsar da shi a wani tulu mai bututu cike da ruwa, ya auna ruwan da ya zubo. Da haka ya gano nauyin duwatsu da ƙarafa da dama, kuma lissafinsa ya yi kusa ƙwarai da na yau. Ɗalibin sakandare zai iya maimaita wannan da sikelin ɗakin gwaji da kofin awo. A raba nauyin dutsen da yawan ruwan da ya ture. Galina yakan ba da kusan bakwai da rabi, sitibnayit kuwa huɗu da rabi da ɗan ɗoriya. Misali, dunƙulen da ya ture ruwa mililita 10, in galina ne zai yi kusan giram 75, in sitibnayit ne kusan giram 46. Ko a tafin hannu galina yakan ba mutum mamaki, domin nauyinsa ya fi girmansa.

Littattafai sun kuma ambaci cewa ɗan gutsuren sitibnayit yana narkewa a harshen kyandir, galina kuwa ba ya narkewa. Mun kawo wannan don sani ne kawai. Hayaƙin yana cutarwa, kada a gwada a gida.

To amma duk waɗannan alamomi na dutse ne kafin a daka. In ya zama gari, ido ba ya rabewa, ko na tsohuwar da ta shekara arba'in tana sayarwa. Baƙin gari yana iya zama galina, ko kunkunniyar fitila, ko baƙin dutsen manganis irin wanda aka samu a wasu tandayen Misirawan dā. Sai na'urar haskawa ta ɗakin bincike ce ke faɗin gaskiya. An kuwa yi wannan aiki. A wani bincike da aka buga a 2002, an gwada kwalli iri 23, guda 19 daga Abu Dabi, 4 daga Dubai. Babu ko ɗaya da aka yi a ƙasar, duk shigo da su aka yi. Guda 11 galina ne mafi yawan abin da ke cikinsu, kuma a sauran 12 ɗin babu wanda sitibnayit ya rinjaya a cikinsa.

Me ya sa muka damu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana shanye ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Jariri ya murza ido, ya sa yatsa a baki, ta shiga ke nan. Ba ta nuna kanta da wuri. Takan taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya taso da nauyin fahimta, a riƙa dukansa a makarantar allo ana cewa daƙiƙi ne. A 2010 dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, kodayake wancan daga niƙan dutsen zinariya ne a cikin gidaje. Wanda ya shafi kwalli kai tsaye shi ne na 2011 a birnin Boston na Amurka, inda aka samu dalma a jinin jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya. Da aka gwada tozalin da ake sa masa, sai aka tarar kusan kashi 83 cikin 100 dalma ce.

Wani zai ce ai sunna ce. Gaskiya ne, amma hadisin ismid ya ambata, kuma sa kwalli mustahabbi ne a wurin malamai, kawar da cuta kuwa ƙa'ida ce daga manyan ƙa'idojin fiƙihu. Ko sitibnayit ɗin ma yakan fito a rami ɗaya da jan dutse da rawayan dutsen da Larabawa ke kira zarnikh, masu ɗauke da gubar asenik, don haka shi ma yana buƙatar gwaji. A ganinmu, kada a sa wa jariri da mai ciki kwallin da ba a tabbatar da abin da ke cikinsa ba, ko daga Makka aka kawo shi. Yaron da aka daɗe ana sa masa kuwa, a kai shi asibiti a nemi gwajin dalma a jini.

Duk wanda ke da dunƙulen kwalli a gida, ya kawo shi taron ƙungiya a ƙulle cikin leda, za mu auna shi tare bisa hanyar Biruni.